Ranar da Muka Ba Mawaƙi Fartanya

Aikin da na fara samu bayan na gama jami'a da bautar ƙasa shi ne na jami'in wayar da kai a wata ƙungiyar gama kai ta manoman albasa da hatsi, mai ofis ɗaki biyu a Boɗinga. Farar hula ke mulki a lokacin. Wayar da kan kuwa da wasan kwaikwayo muke yin ta. Muna da 'yan wasa ƙalilan, da lasifika, da tsohuwar a-kori-kura, muna bin kasuwanni daga Boɗinga har Shagari muna ba mutane dariya, in sun buɗe baki sai mu jefa musu bayanin takin zamani.

Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara da shinkafa suka koma abin bin layi. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji dillalin albasa, ya kira ni ya gaya mini cewa kwamiti zai zauna don rage ɗawainiya kafin a yanke gero, kuma wasanmu ne farkon abin da ake kallo. Dama ɗaya ta rage mana. Mutanen talabijin daga birni sun yarda su zo su ɗauki wasa guda. In ya fito da sunan ƙungiya, za a bar mu. In bai fito da shi ba, a sayar da motar, kowa ya koma gidansu.

Ni ko an rufe wasan, mai yiwuwa a ba ni teburi in riƙa buga hatimi. Wanda na fi ji shi ne babban ɗan wasanmu, wani dattijo gajere daga Lambara da kowa ke kira Baba. Fuskarsa irin wadda ko ta'aziyya ya je sai ya sunkuyar da kai don kada a yi dariya. Yana da rauni a ƙafa, noman kirki ya gagare shi, alawus ɗin wasan ne ke kai gidansa zuwa kaka.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya shigo ofis yana fara'a.

"Malam, na samo muna mutum. In shi na cikin wasan ga, har Ikko sai an gane mu."

Ya faɗi sunan wani mawaƙi.

Mawaƙin ya yi suna ƙwarai, ba gidan da ke da rediyo da bai san muryarsa ba. Matsalar ita ce a zaɓen baya yana wa wata jam'iyya waƙa, wadda mutanen yankinmu ba su yi ba, kuma a cikin wata waƙa ya ce in manoman albasa suka hau mota, awakin da ke ciki ne ke roƙon direba ya tsaya su sauka saboda wari. Daga baya, da zaɓe na biyu ya matso, ya sauya sheƙa ya dawo jam'iyyar su Alhaji. Manya sun yafe masa. Waɗanda ke hawa mota da awaki ba su yafe ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba wai ina ja da maganarka ba ne, kuma wataƙila ni ne ban hango abin da kyau ba, amma ina ganin kamar akwai waɗanda ba su manta da waƙar nan ba."

"Waƙar awaki? An wuce nan. Yanzu namu na. Kuma manyan jam'iyya na son shi, su ka raba taki. Ko digirinka bai kai nan ba?"

Da na kai wa Baba labari, sai da ya cire hula ya duba cikinta ya mayar.

"Wanga da yac ce awaki na gudunmu? Da shi za ni wasa?"

"Baba, in ba mu yi ba, motar ce za ta tafi."

Ya sosa gemu. Can ya ce, "To, a ba shi kalme." Kalme shi ne fartanya a bakin mutanenmu. "Shi zan manomi. In ga hannun da ka karɓar kujerar Makka riƙe da ƙota, in mutu da daɗi."

Shawarar ba ta yi mini muni ba. Na rubuta wa mawaƙin matsayin talakan manomi da ke zuba taki a gindin gero har ya ƙone, Baba kuma maƙwabcin da ke nuna masa yadda ake yi. Na taƙaita maganganunsa yadda ko mai barci zai riƙe. Na hau mota na je gidansa a birni don mu yi gwaji, amma ban wuce zaure ba. Sanƙiransa ne ya tare ni, wato mutumin da ke gaba yana yi masa kirari yana sanar da kyautar da aka ba shi.

"Maigida ba a gwada mai wasa," in ji shi. "Hwaɗa mani, ni ka kai mai."

Na karanta masa, yana gyaɗa kai. Na roƙa a gaya wa maigida ya zo da tsofaffin tufafi, irin na gona. Ya ce, "To." Na daɗe ina tunanin wannan "to" ɗin a hanya. Ban ce mawaƙin ya shiga fili shi kaɗai ba, don a saninmu na 'yan makaranta, wanda aka rubuta wa magana shi ke shiga.

Ranar kasuwar Boɗinga aka yi, da hantsi, a wani fili a bayan 'yan albasa. Jama'a ta cika. Rabinsu, a ƙiyasina, sun zo ne don su ɗaure fuska a gabansa. Mutanen talabijin suka kafa na'urarsu, mai hoton garinmu ya hau kan amalanke da kyamararsa.

Motar mawaƙin ta tsaya, ya fito cikin babbar riga ta shadda mai aiki tun daga wuya har ciki, da takalmi mai ƙyalli, da agogon da ke kashe ido. Na matsa kusa da sanƙira na yi masa raɗa game da tsofaffin tufafi. Ya ce ai rigar bara ce.

Na ba da alama a fara. Mawaƙin ya taka zuwa tsakiyar fili, sai na ga 'yan amshinsa da makaɗan kalangu sun bi shi a jere, sun tsaya a bayansa kamar yadda suka saba. Sanƙira ya buɗe laima ya riƙe masa. Wani ya tattare masa hannun riga ta baya. Na ɗaga hannu ina kiran su su fito, suka ɗaga mini hannu su ma, da fara'a.

Baba ya ɗingiso ya miƙa masa fartanya. Mawaƙin ya zaro hankici ya naɗe ƙotar, ya riƙe ta da yatsu kamar wanda aka ba mataccen ɓera. Ya sunkuya, ya sari ƙasa sau ɗaya, ya miƙe da sauri ya dafe ƙugu.

"Wayyo ƙuguna!"

Wannan ba ya cikin abin da na rubuta. Kafin in buɗe baki kalangu suka ɗauka, 'yan amshi suka karɓa da murya ɗaya, suna rangaji:

"Ƙugu nai! Wayyo ƙugu nai!"

Sai daga baya na fahimci abin. Mutanen nan sun yi shekaru a bayansa. In dai yana tsaye a fili, jama'a na kewaye, ga lasifika, duk abin da ya fito daga bakinsa waƙa ce, aikinsu su karɓa. Wanda ya yi jinkiri a cikinsu ya san abin da zai gamu da shi a gida.

Fuskokin da aka ɗauro daga gida suka fara kwancewa. Baba ya kewaya mawaƙin a hankali, ya dubi laima, ya dubi takalmi, ya dubi jerin mutanen.

"Maƙwabci, barka da aiki. Wagga gayya ta, ko ɗaurin aure anka yi ma gonar?"

Wuri ya ɗauki ihu. Mawaƙin ya juyo wajena, ransa a ɓace, ya ce, "Kai yaro, ba haka munka yi da ku ba!"

"Ba haka anka yi ba! Ba haka anka yi ba!" in ji 'yan amshi, kalangu na tashi.

Ya juya gare su, jijiyar wuyansa a miƙe. "Ku yi shiru!"

"Mu yi shiru! Mu yi shiru! Maigida ya ce mu yi shiru!"

Har da taku suka haɗa. Sanƙira kuwa, da ya ga fili ya ɗauki zafi, sai ya ɗaga murya yana kirari yana kaɗa laima. Na ga wani tsoho da na san an zagi albasarsa a waƙa yana birgima a kan buhu. Mai ɗaukar talabijin ya riƙe na'ura da hannu ɗaya yana share hawaye da ɗayan. Mawaƙin ya yar da fartanya ya nufi mota, mutanensa na biye suna rera "mu yi shiru" har aka rufe ƙofa. Ba a ambaci taki ko sau ɗaya ba.

Na roƙi mutanen talabijin, cikin ladabi, ko za a iya rage wasu wurare. Suka ce me za a rage. Sun nuna shi, kuma idan ban manta ba sun maimaita.

Yanzu 'ya'yana kan nuna mini a waya yadda ake ɗaukar hoton wani sananne da aka gayyata shirin barkwanci ya yi abin kunya, kowa ya rubuta nasa a ƙasa ya tura. Suna ganin su suka ƙirƙiro abin. Mu ba mu da waya, amma muna da mai hoto, da injin gurza takardun jarrabawa, da masu rubutu a jikin mota.

Mai hoton ya samu mawaƙin daidai lokacin da ya dafe ƙugu, baki a buɗe, laima a sama. Ya wanke da yawa ya jera a ƙofar shago. Wani malamin firamare, wanda har yau ba zan rantse ko wane ne ba ko da yake ina da zato, ya kwaikwayi hoton da alƙalami, ya gurza a inji, ya bar fili a ƙasa. Wannan filin shi ya jawo mana masifa. Na ga wanda aka rubuta wa "Ya ji kuɗin sabulu." Na ga "Ya ɗauki albashin wata." A teburin mai shayi akwai wanda aka sauya, fartanyar ce ta dafe ƙugu. A wani kuma akuya ce ke riƙe da laima, ta toshe hanci. Wata motar albasa da ke zuwa kudu aka zana mata shi a baya, babba, da fenti mai kyau, a ƙasa an sa "Mu Yi Shiru."

Maganar ta fi hoton tafiya. A layin shinkafa in ɗan sanda ya daka tsawa, sai a ji daga baya an karɓa masa a hankali, da rangaji. Mahaifiyata ta ce a rijiya in mace ta sunkuya ɗaukar tulu ta yi nishi, sauran sai su ce "ƙugu nata." Wani limami a wajen Mandera, an ce, ya daina cewa a yi shiru kafin huɗuba, sai dai ya yi gyaran murya. Wannan ban gani da idona ba. Matata ma, da na roƙe ta ta daina dariya don abin ya shafi abincin mutane, ta dube ni da tausayi, sannan ta karɓa mini.

Alhaji ya kira ni. Ya baza takardun a kan tebur, wasu ya kife su.

"Ka gani? Manya sun ce da gangan munka kira mawaƙinsu munka wulaƙanta. Taki ko ƙwara ba mu gani bana. Malam, sunan ƙungiya nic ce ka hitar, ban ce ka hitar da shi tsirara ba."

"Ranka shi daɗe, ta wani ɓangaren, in aka duba, an san mu yanzu."

"An san mu! Ka tahi ka ba mutumen nan haƙuri, kai da gurgun da ya tsokane shi. In bai haƙura ba, ranar kwamiti ni da kaina za ni kiran dillalin mota."

Ya sa aka ɗora mana buhun albasa mu kai gaisuwa. Na so in ce wataƙila gero zai fi dacewa, amma na ga fuskarsa.

Wannan karon an shigar da mu har ciki. Mawaƙin na zaune a kan buzu, ba riga mai aiki, ba kowa a bayansa. Muryarsa in ba lasifika ƙarama ce. Muka durƙusa muka yi gaisuwa mai tsawo, na fara jero haƙurin da na shirya a mota. Ya ɗaga hannu.

"Jiya na tahi biki," in ji shi. "Na hwara waƙa, wani ƙato ya miƙo man kalme. Gaban surukaina."

Baba ya sunkuyar da kai ƙasa sosai. Kafaɗunsa na rawa.

"Kai dattijo, ina ganinka. Kuna zaton ban iya noma ba? Ni ɗan talakka na. Sa'ad da nika huɗa da galma wanga yaro ba a haihe shi ba." Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mana, ko da yake, gaskiya, ni ban ga komai ba sai zobba. "An ce man wasan dariya na. Na ce to, bari in yi kamar ban iya ba. Sannan babban mutum ba shi nuna ya iya kalme gaban jama'a. Waɗancan shashashai sunka ida ni."

Na ce ko akwai abin da za mu iya yi.

"Akwai. A sake. Shagari, ranar kasuwa, gonar gaske. A kira masu talabijin. Ba kalangu, ba laima. Wanga kuma," ya nuna Baba, "kada shi buɗe baki sai na ƙare."

Albasar kuwa ya karɓa, ya ce a kai cikin gida, bana ta yi tsada.

Alhaji ya amince nan take. Aka samu wani manomi a bakin garin Shagari da ya yarda a yi a gonarsa, wadda ciyawa ta fara cin ƙarfin geronta. Labari ya bazu. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba a duk yawon wasanmu. An zo daga Mandera da Horo Birni da Lambara, a kan jakuna da kekuna, har makiyaya sun bar shanu da 'yan uwa sun zo. Da yawa na riƙe da takardar hoton. Wasu tun kafin a fara suke dariya, don kada su makara.

Mawaƙin ya fito daga mota da 'yar shara da gajeren wando, ƙafa ba takalmi. Mutanensa ya bar su a cikin mota, gilashi a rufe, suna leƙe kamar kaji a akurki. Ya tofa yawu a hannu, ya kama fartanya, ya sunkuya.

Ya yi noma. Abin da ya faru ke nan. Ya kama kunya ɗaya ya bi ta har ƙarshe, ya juyo ya kama ta biyu. Jama'a na jira ya miƙe ya dafe ƙugu, bai miƙe ba. Wani daga baya ya gwada jefa "ƙugu nai," ba wanda ya karɓa masa, ya yi tari ya bar maganar. Ba abin da ake ji sai sautin ƙarfe a ƙasa. Wasu dattawa kusa da ni suka shiga tattauna yadda yake kife ciyawa, ɗaya ya ce irin noman gabas ne, ɗaya ya ce a'a, suka yi musu a hankali. Mutane sun taso tun safe daga gonakinsu don su huta da ganin noma, ga shi an tara su a rana suna kallon wani yana yi.

Da kaɗan-kaɗan aka fara zamewa zuwa kasuwa. Mai ɗaukar talabijin ya tambaye ni ko akwai wani abu da zai faru nan gaba. Na ce a iya sanina babu. Baba na tsaye a bakin gona, baki a rufe kamar yadda aka yi alkawari, fuskarsa kamar ta wanda ake wa aski da busasshiyar aska. Da mawaƙin ya gama rabin gonar ya miƙe, gumi na zuba, ya ɗaga fartanya sama. 'Yan tsirarun da suka rage suka ce sannu da aiki. Baba ya ɗingisa ya faɗi bayanin taki daga farko har ƙarshe ba tare da ko murmushin mutum ɗaya ba. A duk shekarun da na san shi, ranar ce kaɗai na ga an saurare shi an watse ba a yi dariya ba.

Na tsaya a gefen mota ina shirya yadda zan gaya wa 'yan wasa cewa tamu ta ƙare. Sai ga Alhaji ya taho da sauri, riga na kaɗawa, tare da wasu manya biyu na jam'iyya. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, ka ga wasa! Wanga shi a wasa na mutunci. Na duba ko'ina, ko mutum guda bai yi dariya ba!"

Manyan suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce za a duba maganar taki. Alhaji ya ce in manta da batun kwamiti, mota na nan, wasa na nan, har taya zai sa a sauya mana. Ya ƙara da cewa daga yau irin wannan yake so a riƙa yi.

Na je na gaya wa Baba. Ya zauna a kan kunya ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Gida ya tsira. Amma Malam, in kana ma Allah, mako mai zuwa ka kai mu kasuwar da Alhaji ba shi zuwa."

Muna naɗe wayar lasifika sai mai gonar ya matso, ya durƙusa ya gaishe ni da girmamawar da ban saba samu ba. Ya yaba wasan ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin mai amfani irinsa ba. Sannan ya nuna ɗaya rabin gonar, inda ciyawa ke nan tsaye, ya tambaya ko yaushe za a zo a yi kashi na biyu.

Na ce masa ba zan iya yin alkawari ba, amma zan kai maganar gaba.